Yadda muka samu ɗakin atisaye a Göteborg muka zauna koyon kiɗan November

Akwai wata ƙungiyar makaɗa ta 'yan ƙasar Suwidin da ake ce wa November, su uku ne rak, sun yi zamaninsu daga 1969 zuwa ƙarshen 1972 suka watse, kuma ni dai wallahi a nawa ganin ba a yi musu adalci ba, don ko a nan ƙasar tasu idan ka tari matashi ka ce masa ka san November sai ya ɗauka zancen wata kake yi. Faifai uku suka yi a zamaninsu, rok ne mai nauyi wanda aka gina shi kan bulus, wato kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, kuma da yarensu suka rera. Kunne kaɗai ba ya gama nuna maka girman aikin da sukai, sai ka rataya jita ka ce bari in buga abun da suka buga, toh a nan ne za ka gane. Mu mun gwada, mu uku, shi ne nake so in ba ku labarin yadda abun ya tafi tun daga neman faifan har ranar da muka tsaya gaban mutane.

A birnin Göteborg na Suwidin nake zaune, ina aiki a wani sito da ke Hisingen, wato tsibirin nan na tsallaken kogi inda masana'antar Volvo da tashar jiragen ruwa suke. Jita kuwa tun a Katsina na fara taɓa ta, irin kiɗan Agadas ɗin nan da muke tura wa juna a memori da na marigayi Ali Farka Touré su na tashi ina kwaikwaya, da na zo nan ma ita ce abokiyar hira idan hunturu ya shigo, lokacin da rana ke faɗuwa tun wajen uku da rabi na yamma. Akwai wani dattijo ɗan ƙasar a wurin aikinmu, shi ke tuƙa motar ɗaga kaya, ya kusa ritaya. Su nan kowa da sunansa ake kiransa gatsal, ko shugaban kamfani ne ko malamin makaranta, amma ni bakina ya ƙi, mutumin da ya yi sa'an mahaifina ba zan iya ba, sai na ce masa ni fa Baba zan riƙa ce maka, yai dariya ya ce ya karɓa.

Wata rana lokacin hutun shan kofi, wanda su ba sa wasa da shi ko kaɗan, wani yaro ya kunna kiɗa a 'yar sifikarsa, na ji jita tana ja a hankali kamar za ta yi magana sannan kuma aka rufto da ganguna. Na ce su wa ye wannan, ya ce Graveyard, 'yan garin nan ne, kundinsu ne na 2011 mai suna Hisingen Blues, sunan tsibirin da muke tsaye a kai kenan. Kundin sai da ya hau na ɗaya a jerin masu kasuwa a Suwidin ya kuma ci kyautar Grammis da ake ba makaɗa a ƙasar, wato su ba a ɓoye suke ba. Baba yana gefe yana juya kofinsa ya ce, "Yaran nan sun iya, ba ƙarya, amma in kana so ka ji inda abun ya faro a ƙasar nan sai ka koma 1970." Ya yagi gefen wani kwali ya rubuta min November da sunayen mutum uku, Christer Stålbrandt mai jitar bes, wato jitar nan mai kaurin murya, da rera waƙa, Richard Rolf mai jita, Björn Inge mai ganguna.

Neman nasu ma aiki ne. Ka buga November kawai a intanet ka ga abun da zai fito maka, kalanda da hasashen yanayi da waƙoƙin wasu mutane can daban, dole sai ka haɗa da sunan kundin ko sunan ɗaya daga cikinsu. Na farko shi ne En ny tid är här na 1970, sai 2:a November na 1971, sai 6:e November na 1972, kar lambar ta ruɗe ka ka tafi neman na uku da na huɗu da na biyar, babu su, wannan mai shida a jiki shi ne na uku kuma na ƙarshe. Duk kamfanin Sonet ne ya fitar. Daga baya a 1993 an fitar da wani na wasan da sukai gaban jama'a. Na fara ji a waya, amma Baba ya ce sifikar waya tana cinye bes ɗin kuma rabin kiɗan nan bes ne, sai na bi shagunan tsofaffin fayafayai na wajen Andra Långgatan ina ɗaga kwalaye ɗaya bayan ɗaya, yatsu duk ƙura. Bugun asali na garmaho in ka same shi yana bango ne a rataye cikin leda da farashin da sai dai ka kalla ka wuce, masu tara kayan tarihi sun gano shi tuntuni. Ni sabon bugu na saya na kundin farko, sauran biyun Baba ya ara min nasa da sharaɗin kar in taɓa tsakiyar faifan da hannu, a gefe ake riƙewa.

A gidan Baba na fara jin su yadda ya kamata, da manyan sifiku, shi kuma yana ba ni tarihi a tsakanin waƙa da waƙa. Asalinsu 'yan Vällingby ne a gefen Stockholm, kuma a wani gidan matasa na unguwa mai suna Tegelhögen suka haɗu, irin wuraren nan da hukuma ke buɗe wa yara don su samu inda za su je da yamma. Kafin su zama November suna cikin wata ƙungiya da ake kira Train tare da wani Bature ɗan Ingila, Snowy White, wanda daga baya ya buga wa Pink Floyd da Thin Lizzy jita, da ya koma gida sai su ukun suka ci gaba. Sunan kuwa a nan Göteborg suka samo shi, don a farkon watan Nuwamban 1969 su suka buɗe wa Fleetwood Mac fage a wani kulob mai suna Cue Club, lokacin Peter Green na jagorantarta tana tsantsar ƙungiyar bulus, tun kafin ta koma abun da duniya ta sani daga baya. Kuma ku duba shekarar da faifansu na farko ya fito, 1970, shekarar da Black Sabbath suka fitar da nasu na farko kenan. Wato mutanen nan ba wai jira sukai abu ya gama nuna a Ingila sannan suka kwafo ba, tare ake tafiya da su.

Abun da ya fi kama ni shi ne zancen yare. A shekarun 1960 kusan duk yaron Suwidin da ya ɗauki jita da Turanci yake waƙa, don ana ganin rok ba ya zama a bakin ɗan Suwidin sai da Turanci. Wani mawaƙi Pugh Rogefeldt ya fasa wannan a 1969, su kuma November suka ɗauki yaren suka ɗora shi kan kiɗa mai nauyi, shi ya sa da yawa ke lissafa su a matsayin na farko a wannan fannin a ƙasar. Wani mai jita Georg Wadenius da ya yi aiki da Pugh ya yi aiki da su ma a sutudiyo kafin ya wuce Amurka ya shiga ƙungiyar Blood, Sweat & Tears a 1972. Bulus ɗin kuwa hanya mai tsawo ya biyo kafin ya iso musu, daga baƙaƙen fatar kudancin Amurka zuwa Chicago inda su Muddy Waters suka sa masa lantarki, zuwa samarin Ingila irin su Cream da suka ƙure masa ƙara, sannan ya tsallako nan, Jimi Hendrix kansa ya sha zuwa wasa Stockholm da Göteborg tsakanin 1967 da 1970. Duk wannan kana jin sa a faifan, amma ba ihu Stålbrandt yake ba, rerawa yake, kuma akwai waƙoƙi masu sanyi a tsakanin masu nauyin.

A nan ne Baba ya shiga ɗaki ya jawo wani dogon akwati daga ƙarƙashin gado, ashe jitar bes ce tun ta ƙuruciyarsa, tsirkiyoyin duk sun yi tsatsa. Na ce Baba ai sai mu gwada. Ya ce a ina, a gidan haya na bene in ka kunna amfilifaya maƙwabta za su sako maka takarda ta ƙarƙashin ƙofa kafin ka gama saita tsirkiya. Sai ya ce amma akwai hanya, mu yi rajistar da'irar karatu.

Wannan tsarin ya kamata in yi bayaninsa da kyau don ni shi ne ya buɗe min ido kan dalilin da ya sa ƙasar da mutanenta ba su fi miliyan goma da 'yan kai ba take fitar da makaɗa haka. Suna da ƙungiyoyin ilimin jama'a da suke kira studieförbund, irin su ABF da aka kafa tun 1912 da Studiefrämjandet da Sensus, gwamnati ke tallafa musu, aikinsu shi ne duk wasu mutane da suka haɗu suna son koyon wani abu tare, ɗinki ne ko yare ko kiwon zuma ko kiɗa, su ba su wuri da kayan aiki. Ita da'irar karatun tsohuwar al'ada ce, wani malami Oscar Olsson ya faro ta a Lund a 1902. Ƙa'idar ba ta da yawa, ku kai mutum uku aƙalla, ku haɗu sau uku aƙalla, kuma jimillar zaman ya kai awa tara irin tasu ta karatu, wadda minti 45 ce kowace. Ƙungiyar kiɗa da ke atisaye ita ma da'irar karatu ce a wurinsu, tunda koyo ake.

Toh mu biyu ne, saura na uku. Baba ya kira ɗan ƙanwarsa, yaro ne ɗan ashirin da wani abu mai buga ganguna, shi irin ƙarfen nan mai gudu yake bugawa amma ya ce zai zo saboda kawunsa. Muka cike fom a intanet, suna da lambar ɗan ƙasa ta kowa da irin kiɗan da za mu yi, bayan 'yan kwanaki wata mata ta kira ta sa mana ranar zuwa ofis. Ta ce dole ɗaya ya zama jagoran da'ira, shi zai riƙa cike rajistar halarta a waya duk ranar da muka haɗu kuma zai zauna wani ɗan gajeren horo, su biyun suka nuna ni, na karɓa. Ta sa muka rubuta tsarin abun da muke son cimmawa a zangon, na rubuta cewa za mu koyi waƙar farko ta kundin November na farko daga kai har ƙafa mu buga ta gaban mutane. Matar ta girme ni nesa amma ba ta san su ba, sai da Baba yai mata bayani. Ta karanto mana dokoki, ba giya ba ƙwaya a ɗakin, a bar shi yadda aka same shi, a biya ɗan kuɗin wata, sannan ta miƙo min ɗan maɓallin roba da ake kara wa ƙofa ta buɗe.

Ɗakin a ƙarƙashin ƙasa yake, sai ka sauka matakala ka bi wani dogon lungu mai ƙofofi jere, ta bayan kowace ƙofa kana jin wata duniya daban, nan masu ihu can masu jaz can wasu 'yan mata suna maimaita baiti ɗaya. Namu ba taga, bango an lulluɓe shi da soso mai toka-toka, ƙasa tsohon kafet da tabon kofi, ga jerin ganguna a kusurwa an manna wa babbar salatif a fata, ga amfilifaya biyu da makirfo a kan sanda. Abu na farko da yaron ya miƙo min matoshin kunne ne, ya ce kar ka buga ko sau ɗaya ba wannan, kawuna ka gan shi nan kunnensa na hagu ƙara yake masa dare da rana tun yana saurayi. Ranar da atisayenmu ya faɗo kan lokacin isha'i a lungun nan nake shimfiɗa rigar sanyina in yi salla, su kuma su jira ni da kofi a fulas, ba wanda ya taɓa cewa komai.

Waƙar da muka zaɓa ita ce Mount Everest, ita ta buɗe kundin farko kuma ita aka fi sani. Da kunne muka cire ta. Nakan zauna a gida in rage gudun waƙar a waya zuwa kashi uku cikin huɗu, in saurari 'yan daƙiƙu in tsayar in nemi sautin a wuyan jita in sake komawa baya, har sai na haɗa jimlar kiɗan da ake ta maimaitawa, wadda su suke kira rif. Nemo sautukan bai ɗau lokaci ba, don yawancin irin kiɗan nan kan sautuka biyar yake tafiya, kuma duk wanda ya taso da jitar Agadas ko ta Mali hannunsa ya san gidajen nan biyar. Inda hanya ta rabu shi ne yadda ake taɓa su. Mu can yatsu ne ke yawo da sauri, ka bar tsirkiya ɗaya tana amo a sake kana ta zuba ƙananan sautuka a kanta. Su kuma nan sauti ɗaya za a kama a tura tsirkiyar sama da yatsa uku har ta kai sautin gaba, a riƙe ta a can ana girgiza ta, kuma in ka tura ta gaza kaiwa ko ta wuce ko da kaɗan ne kowa a ɗakin zai ji. Makonni na yi ina wannan turawar kaɗai, in buga sautin da nake nufi in ji shi, sannan in koma baya in turo tsirkiya har ta same shi, fatar kan yatsuna ta tsage ta warke ta yi kanta.

Sai zancen amfilifaya. Na'urorin yanzu akwai maɓallin da in ka murɗa shi sautin zai dishe ya yi kauri tun ƙarar tana ƙasa, kuma abun da kowa ke fara yi kenan. Baba ya zo ya mayar da shi baya kusan rabi ya ɗaga ainihin ƙarar, ya ce a zamaninsu dishewar daga ƙure na'urar take zuwa da kuma ƙarfin hannu, in ka taɓa a hankali ta fito garau in ka daka ta yi gurnani. Gaskiyarsa kuwa, da mukai haka sai na ji jitar ta fara amsa hannuna, kuma maɓallin ƙarar da ke jikin jitar kanta wanda da ban cika kula shi ba ya zama abun da ɗan ƙaramin yatsana ke kai wa kowane lokaci, a rage in ana rera baiti a buɗe in an zo rif.

Yaron mai ganguna shi nasa aikin daban ne. Ya saba da bugu mai daidai kamar na inji, ko'ina a kan layi, kuma ya iya sosai. Amma Björn Inge ba haka yake bugawa ba, nasa yana da rangaji, yana ɗan jinkirtawa kamar ba zai iso ba sai kuma ya iso. Sai Baba ya ce mu ajiye waƙar tukuna, duk ranar da muka zo mu fara da bulus zalla mai gaɓa goma sha biyu, huɗu a gida wato sautin da aka fara da shi, biyu a hawa na huɗu daga gidan, a dawo gida biyu, ɗaya a na biyar ɗaya a na huɗu sannan biyu a gida, a sake zagayowa, kuma kowane bugu a raba shi uku a buga na farko da na uku a bar na tsakiya fanko. Haka za mu yi ta juyawa kusan rabin awa ba mai magana. Ranar da abun ya shiga jikin yaron ni na ga alamar kafin in ji, kafaɗunsa ne suka sauko, ya daina kallon sandunansa ya fara kallon hannun kawunsa.

Wurin da na fi jin girman mutanen nan uku shi ne inda jita ke barin rif ta tafi nata yawon ita kaɗai. A ƙungiya mai mutum biyar akwai jita ta biyu ko mai piyano da zai riƙe maka ƙasa, a mutum uku kuwa da ka ɗaga hannu daga rif sai ka ji rami ya buɗe a tsakiyar waƙar, ɗakin ya zama wayam. Kamar duwatsun murhu ne, uku ne ba na huɗu, ɗaya ya gusa tukunya ta kife. Dole mai bes ya bar bin jita ya fara yawo yana cike gurbin, mai ganguna ya koma kan babban faifan tagulla don amon ya yalwata, ni kuma in san cewa ba sai na cika ko'ina da sauti ba, in bar wuri su ma a ji su. Muka koma faifan muka saurari yadda Stålbrandt ke yi a irin wuraren nan, Baba ya girgiza kai ya ce kuma fa ka tuna mutumin nan waƙa yake rerawa a lokaci guda. Shi Baba da ya gwada haɗa biyun, hannu na tafiya da kari ɗaya baki na tafiya da wani, sai da ya koma yana buga bes ɗin a gida gaban talabijin har hannun ya daina neman izininsa, sannan ya ɗora murya a kai.

Ni amshi aka ba ni. Yaren nasu yana da wasula masu tsawo da gajeru kuma yana da hawa da saukar murya a cikin kalma, wanda Bahaushe ba baƙonsa ba ne, sai dai akwai wasu wasulan da sai ka tsuke baki kamar za ka yi fito, a nan Baba yake tsayar da ni ya faɗa in maimaita har ya gyaɗa kai.

Duk zaman da mukai nakan ajiye waya a kan kujera ta ɗauka, in na hau taragon cikin gari zan koma gida in sa a kunne in ji namu sannan in ji nasu. Da farko tazarar ba ta faɗuwa. A hankali sautuka suka daidaita, tsayawa da tashi suka daidaita, amma akwai wani abu da ya rage wanda na daɗe ina nema, sai daga baya na gane mu muna buga waƙar da ƙarfi ɗaya ne daga farko har ƙarshe, su kuwa suna sassautawa su ja baya sannan su afko, shi ya sa nauyin nasu ke jin nauyi. Kuma ku tuna samari ne 'yan wajen shekara ashirin sukai wannan, da na'urorin ɗaukar sauti na 1970 inda ba a gyara maka kuskure da kwamfuta.

Na tura wa yayana ɗaya daga cikin abun da muka ɗauka ta WhatsApp, ya kira ni da dare ya ce, "Kai ƙanena, wannan jitar taka ai kuka take, me aka yi mata?" Na ce Yaya haka ake son ta. Ya ce to ya ji, ya ce dai kar kiɗa ya hana ni salla, na ce Yaya ɗakin ma ko giya ba a shiga da ita kuma dattijon da nake tare da shi shi ke tuna min in lokaci ya yi. Ya ce in gaishe masa da Baban, kuma in turo masa na asalin ya ji.

Ƙarshen zango ƙungiyar da ta ba mu ɗaki ta shirya dare ɗaya a wani ƙaramin zaure inda duk masu atisaye a lungun nan za su hau su yi waƙa biyu-biyu. Mu muka yi bulus ɗinmu na ɗumama hannu sannan muka shiga waƙar. Yawancin 'yan kallo iyaye ne da abokan sauran makaɗan, yara ba su san abun da muke bugawa ba amma na ga kawuna na gyaɗawa, sai can baya wasu dattawa biyu masu furfura suka miƙe tsaye tun daga rif ɗin farko. Da muka sauko ɗayansu ya zo ya riƙe hannun Baba da hannu biyu ya ce shi ya ga November da idonsa yana saurayi kuma bai taɓa zaton zai sake jin wani ya buga wannan a kan dandamali ba, ya juyo ya tambaye ni daga ina, na ce Najeriya, ya ce to ya akai, na nuna masa Baba.

Na sha tambayar Baba me ya sa aka manta da su haka, tunda har Ingila sun je wasa. Shi a ganinsa abubuwa ne suka taru. Shekara uku kawai sukai, ranar jajibirin sabuwar shekara ta ƙarshen 1972 sukai wasansu na ƙarshe kowa ya kama gabansa, Stålbrandt ya kafa wata ƙungiya Saga, Björn Inge ya shiga wata mai suna Energy. Mutanen ƙasar a lokacin wajen miliyan takwas ne, kuma wanda ya yi waƙa da yarensu kasuwarsa kusan nan ta tsaya. Sannan shekarun 1970 a Suwidin kiɗa ya rabu gida biyu, ga 'yan progg masu waƙar siyasa da ƙin kamfanonin kasuwa, ga kuma ABBA da suka ci gasar waƙa ta Turai, Eurovision, a 1974 suka tafi da hankalin duniya, in ana ba da tarihin lokacin waɗannan biyun ake ambata, masu jita mai nauyi da ba su shiga ko ɗaya ba sai su faɗa tsakani. Ni kuma abun da nake ƙarawa shi ne duk wanda ya saurari Graveyard ko Witchcraft masu yi da Turanci, ko Abramis Brama da su ma da yaren Suwidin suke yi, ya kamata ya san akwai waɗanda suka share wannan filin shekara talatin kafin su, kuma faifan 1970 ɗin nan in ka sa shi kusa da na Ingila na wannan shekarar ba ya jin kunya ko kaɗan.

Abun da ke damuna yanzu ɗakunan ne. A 2023 gwamnati ta sanar za ta rage kuɗin da take ba ƙungiyoyin nan a hankali har ragin ya kai kurona miliyan 500 na kuɗin ƙasar a 2026, kusan kashi ɗaya cikin uku kenan, kuma an riga an fara rufe ɗakunan atisaye a garuruwa da dama. Mu namu yana nan amma kuɗin wata ya ƙaru kuma yanzu muna raba shi da wata ƙungiya, mu Talata su Alhamis. Na sabunta rajistarmu ta zango mai zuwa, a gurbin abun da muke son cimmawa na rubuta waƙa biyu daga kundi na biyu, Baba ya riga ya zaɓa, yaron kuma ya ce shi ma a bar shi ya gwada rera ɗaya daga bayan ganguna tunda Björn Inge ma yana rerawa.